Launin Jirgin Yaya Sale

"Umma, ki tuna da kyau, wane launi ne?" Ɗana Nura ne ya tambaye ni jiya, yana riƙe da ɗan jirgin yaƙin da ya haɗa, saura fenti kawai.

So yake ya yi irin wanda yayana, marigayi Sale, ya ƙera mana da gwangwanin kananzir a Gumel, shekarar da ya dawo daga yaƙin basasa. A can, aikinsa zuba wa jiragen yaƙi mai.

Na ce, "Shuɗi ne."

Ya ce, "Haba Umma! Na duba tsofaffin hotuna, na tambayi tsofaffin sojoji, babu wanda ya taɓa ganin shuɗi. Ko dai kin manta ne?"

Na ji tsoron ba da shaida a kan abin da ban tabbatar ba. Sai bayan sallar la'asar abin ya dawo mini. Ranar kasuwar Maigatari Yaya Sale ya roƙo ragowar fenti wurin mai zanen motocin kaya, shuɗi kaɗai ya samu. Da na tambaye shi ko haka na gasken yake, sai ya ce, "Ƙanwata, na gasken ba na fatan ki san kamanninsa."

Da na gaya wa Nura, ya daɗe yana juya jirgin a hannu, sannan ya ce, "To wanne zan shafa?"

Na ce ya shafa shuɗi. Har yanzu ina tuhumar kaina ko na yi wa gaskiya adalci. Allah Ya jiƙan Yaya. Da ku ne, wanne za ku zaɓa?