Tsohuwar Kawu Iddi Marar Haƙori

Duk wanda ya zauna a layinmu na Nima, a Accra, ya san Kawu Iddi ba ya gaisawa da ɗan Adam da safe sai ya gaisa da jitarsa. Zai zaro ta daga buhun shinkafar da ya mayar mata riga, ya kwantar da ita a cinya, ya lakaci man kaɗanya ya shafa mata a wuya, ya ce, "Tsohuwa, kin tashi lafiya?" Sai ya ja tsirkiya ɗaya ya kasa kunne. In ta amsa yadda yake so, ranar kowa zai sami gaisuwa har da tambayar iyali. In kuwa ta kwana da mura, kamar yadda yakan ce idan damina ta kumbura katakon, ko limamin unguwa ne ya wuce sai dai ɗaga hannu. Mu 'yan Nima kowa "shi" ne a bakinmu, mace da namiji, amma jitar nan Kawu bai taɓa ce mata "shi" ba.

Ni ɗan yayarsa ne. Ɗinki nake yi a Maamobi, Asabar da Lahadi kuma in buga kibod a wurin biki. Fiye da shekara ashirin muna fita kiɗa tare, yana kushe ni ina haɗiyewa. Yau wata uku da rasuwarsa, kuma abin da nake kewa ke nan, kushen.

Jitar tasa bes ce, mai tsirkiya huɗu da babbar murya. Kowace jita da kuka sani akwai 'yan ƙarafa da aka gicciya a wuyanta, su ke yi wa yatsa iyaka, in ka danna kusa da su sauti ya fito daidai ko da jiya ka fara koyo. Kawu haƙora yake kiran su. Tasa ba ta da ko ɗaya, kuma shi ya cire su da hannunsa.

A mararrabar Malam ya saye ta, wurin wani mai kayan gwanjo na Turai, tana jingine tsakanin mataccen firji da keken yara. Sunan da ke kanta babu wanda ya taɓa jinsa, katakon kuma ba nauyi, irin wanda farce ke shiga. Ya yi ciniki tun hantsi har azahar, sai da mutumin ya sallama don kawai ya huta. Da ya dawo ya ari filaya wurin mai gyaran babur, ya zauna a ƙofar gida yana fizge ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, mutane suna taruwa suna salati. Ramukan ya cike da garin katako da gam, ya bi da samfefa. Washegari ya zuba ƙarafan a gwangwanin madara, ya hau toro-toro, motar haya, ya koma Malam, ya dire gaban mai kaya ya ce ga abin da bai yi amfani da shi ba, a ba shi canjinsa. Mutumin ya kira maƙwabta su zo su ga ikon Allah. Daga ƙarshe ya ba shi wata tsohuwar igiyar ratayawa don ya tafi. Har Kawu ya koma ga Allah yana cewa an ƙware shi a wannan musaya, domin haƙoran ashirin da ɗaya ne, igiya kuwa ɗaya tak.

Mutane sun ɗauka taɓin hankali ne, alhali waƙa ce ta sa shi. Kakata, wadda suke kira Inna, daga wani ƙauye a Nijar ta zo Accra, tana sayar da koko. Akwai waƙar da takan yi in tana tace gasara. Ta rasu Kawu yana da shekara tara, Mma, wato mahaifiyata, tana da sha huɗu. Kalmomin waƙar sun ɓace musu su biyun, sai karin ya rage, kuma a cikin karin akwai wani wuri da murya ke gangarowa ta ɗan lanƙwasa kafin ta tsaya. Kawu ya ce shekara goma yana neman wurin nan a jita mai haƙora bai samu ba. Wannan haƙori ya yi sama, na bayansa ya yi ƙasa, Inna tana tsakani. "Ƙarfe ya zauna a kan muryar uwata, ka ce in bar shi?" Haka ya taɓa tambayata.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya shaida masa ya samu, ita ce Mma. Saboda haka kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biyo gidan Mma, ya jona 'yar lasifikarsa, ya zauna kan benci kusa da inda Mma ke wanke tukwanen waakye, wato shinkafa da wake, da take sayarwa. In an ɗauke wuta ya jingina kan jitar da kabad ɗin kwanuka, katakon ya ɗauki sautin, cokula suna rawa. Ya buga waƙar sau uku, ya ɗago.

"Yaya Adiza, haka ne?"

"Ka kusa," in ji Mma, ba ta ko juyowa. "Amma ba haka Inna ya ke yi ba."

Sai ya girgiza kai, ya ci kwano biyu har da ƙwai da taliya, ya saɓa buhunsa ya tafi. Shekara da shekaru ana haka. Ni abin har haushi yake ba ni. Na sha ce wa Mma ta ce masa haka ne mana, bawan Allah ya huta, sai ta ce ita ba ta ƙarya ranar Juma'a.

Tsirkiya kuwa, Kawu bai yarda ana sayen sabuwa ba. A cewarsa tsirkiya ba ta mutuwa, datti ne da gumi ke toshe mata maƙogwaro, magani kuma shi ne a dafa ta. Wata safiya ya shigo ya tarar Mma ta ɗora babbar tukunya, ruwa na tafasa da jan ganyen dawar da ake rina waakye da shi, ita kuma ta leƙa kanti sayen kanwa. Ya ce ai asarar wuta ce tukunya ta tafasa ita kaɗai, ya nannaɗe tsirkiyoyinsa huɗu ya jefa. Mma ta dawo ta zuba wake, ta sa ludayi, ludayi ya ɗago da abu kamar maciji. Ranar Nima ta ga gudu! Tana binsa da muciya, shi yana tafe yana waiwaye yana cewa ƙarfe maganin ƙarancin jini ne, a asibiti ma sayar da shi ake yi, ita ga shi ta samu kyauta. Sai da aka zubar da tukunya guda. Tsirkiyoyin suka fito jajaye, ya rantse tunda yake bai taɓa jin Tsohuwa ta yi murya irin ta makon nan ba. Da Juma'a ta zagayo ya zo da galan, wai a ɗan sam masa ruwan waakye.

Ni ma na sha nawa. Kibod ɗina bai taɓa burge shi ba, yakan ce abu ne da haƙora zalla, farare da ruɓaɓɓu. Gaskiyar magana kuma, tunda yau ba ya nan balle ya zage ni, Kawu yakan kauce. Jita marar haƙori ba ta yafiya, in yatsa ya goce da faɗin ƙwayar gero kowa zai ji, ga wuyan Tsohuwa na lanƙwashewa da damina, ga wani wuri can ƙasa da sauti ke mutuwa da zarar an buga. Duk ranar da aka sami matsala kibod ɗina ne mai laifi. Da na gaji, wata rana a wani biki a Maamobi muna gwada kaya da la'asar, na fito da wayata mai manhajar auna sauti na kara a lasifikarsa. Allura ta yi ja. Na ce, "Kawu, waya ta ce ka kauce."

Ya dubi wayar ya dube ni. Daidai lokacin wata Hajiya, gwaggon amarya, ta rangaɗa guɗa a bakin rumfa. Ya ce in kai wayar kusa da ita. Na kai, allura ta haukace, ja kamar ta fashe. Da na dawo ya ce, "To, koma ka gaya wa Hajiya ta kauce." Ban koma ba. Kun dai san Hajiyoyin Maamobi.

Amma fa in ya dace, babu kamarsa. Sautin ba ya faɗowa ɗaya-ɗaya irin na sauran bes, yakan buɗe ne a hankali ya kumbura, ya zame zuwa na gaba, kamar goge mai faɗin ƙirji. Sai ka ga matan da ke rawa da sauri sun rage, tsofaffin da ke cin abinci sun ajiye cokali. Na taɓa ganin wani direban babbar mota daga Agbogbloshie ya tsaya a bayan lasifika yana share ido, da aka tambaye shi ya ce hayaƙin suya ne.

Wani abokinsa na ƙuruciya da ya dawo daga Jamus ya kawo masa bes mai tsada, ita ma marar haƙori, amma tun daga kamfani aka yi ta haka. Wuyanta baƙin katako ne mai tauri da sheƙi, ko'ina ka danna ta amsa. Duk muka ce kakar Kawu ta yanke saƙa. Ya riƙe ta kwana bakwai, ya mayar wa mai ita da godiya. Ya yarda tana da daɗi sosai paa, ba ta mura, ba ta gardama. "Amma kwana bakwai ina danna ta, ko alamar yatsa ba ta yi ba koraa," in ji shi. "Kyakkyawa ce, sai dai ba ta tuna kowa." Muka yi ta dariya, muka ce talauci ya zama masa jiki.

Ciwon ajalinsa bai wuce kwana tara ba. Bayan addu'ar arba'in aka raba 'yan kayansa, jitar ta faɗo hannuna domin babu mai so. Ranar Juma'a ƙafata ta kai ni gidan Mma da buhun a kafaɗa, ban ma shirya ba. Na zauna kan bencinsa na jona lasifika. Waƙar tana kunnena, na ji ta sau ɗaruruwa, amma yatsuna sun saba da haƙora, suka rasa inda za su sauka. Abin da ke fitowa ko akuya ba za ta amsa ba. Tsoro ya kama ni, na ga waƙar Inna ta bi Kawu kabari, kuma ni ne ragon da ya bari ta tafi.

Ina shafa wuyan jitar don in ɓoye kunyata sai na ji yatsana ya faɗa wani ɗan kwarmi, ƙarƙashin tsirkiya ta biyu, tsakanin sawun haƙora biyu. Katakon mai arha ya zaizaye a wurin. Na gangaro da yatsa na tsaya a ciki, na ja tsirkiya.

Mma ta daina wanke tukunya. Ta daɗe hannunta a cikin ruwa, sannan ta ce, "Haka ne."

Na ce mata ai nan Kawu ke dannawa. Ta ce ta sani. "Tun Juma'ar farko ya samu. Ka san kawunka, abin da ya gama ya gama, ba shi waiwaya. In na ce masa haka ne, me zai sake kawo shi? Wa zai kawo mini Inna?" Sai ta fashe da kuka, tana cewa ta bar ƙaninta ya tafi yana zaton bai iya ba, ta ce za ta gaya masa wata rana, wata ranar ba ta zo ba.

Ni ma idona ya cika, amma tela ne ni, na san yadda abu ke cinyewa. Na kama hannunta da kumfar sabulun na ɗora yatsanta a wurin. Na ce ta ji da kyau, ramin ɗaya ne, ƙarami, gefensa sumul. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana nema, yau ya matsa sama gobe ya matsa ƙasa, da ya cinye wurin da faɗi. Kawu bai taɓa matsar da yatsansa ba.

Mma ta yi ta shafa ramin. Can ta sa gefen zane ta share fuska, dariya ta ƙwace mata. "Munafuki," ta ce. "Ashe ya sani. Shekara ashirin yana cin waakye na a banza, har da ƙwai."

Yanzu ni ke zuwa ranar Juma'a. Ina shafa wa Tsohuwa man kaɗanya, ina gaishe ta, duk da har yau ba ta gama yarda da ni ba. In na buga sau uku na tambaya, Mma ta ce na kusa, amma ba haka ba ne. Ban san ko gaskiya take faɗa ba, ba na kuma bincike, kwanona kawai nake ja.

Allah Ya jiƙan Kawu Iddi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya sada shi da Inna a gidan rahama, ya ji waƙar daga bakinta har da kalmomin da suka ɓace, ita kuma ta dube shi ta ce masa haka ne. Amin.