Baffa Ladan da Tuban Audu Direba

Tim! Ƙarar da na ji ke nan ranar da na janyo firij zan share bayansa, a gidanmu na unguwar Faisal a Alƙahira. Na zaci ɓera ne ya faɗo. Ashe littafi ne ɗan ƙarami mai kauri, a bangonsa an zana wani mutum zaune a mota, idanunsa kamar wanda bai taɓa barci ba. Na ƙanena Nura ne, da ke zaune a wajenmu yana karatun shari'a. Irin littattafan zanen nan ne na Japan da ake ce wa manga, an fassara shi da Larabci. Da na san Baffa Ladan na tsaye a bayana da butarsa, da na cusa shi cikin zani.

Ku da kuka zauna a Alƙahira kun san Baffa, ƙanin mahaifin maigidana. Ya zo karatu tun ba a haife ni ba, bai gama ba, bai koma gida ba. In an tambaye shi yaushe zai kammala, sai ya ce yana kan bincike. Kuma kun san ba ya yanke hukunci a kan komai sai ya ji ɓangare na biyu. Ko miya aka ce ta yi gishiri, sai ya ce a bari a ji ta bakin mai miya.

Ranar nan Nura ya sha faɗa. Baffa ya ce an turo shi neman ilimi ya zo yana kallon 'yan tsana masu kisan kai. Ya ce ƙona littafin zai yi, amma sai ya duba irin ɓarnar da ke ciki. Ya shige ɗaki. Bai fito ba sai da aka kira la'asar, tabarau a kan hanci, ya tsaya a ƙofar kicin yana gyaran murya. Ya ce abu ɗaya dai zai yaba wa mutanen nan, suna da tarbiyya, daga dama suke fara littafi. Sannan ya dubi Nura.

"Ina na biyun?"

"Baffa, ba ƙonawa za a yi ba?"

"A'a, wane alƙali ne ke yanke hukunci da rabin shari'a? Yalla, maza je ka kawo."

Labarin wani direban tasi ne, mai shiru-shiru, mai ciyar da kyanwoyin unguwa, wanda kuma yake kashe mutane. Akwai tsohon ɗan sanda mai gyambon ciki da ke bin sawunsa, ga shi 'yarsa ta daina yi masa magana. Sunayensu sun ƙi zama a bakin Baffa, sai ya raɗa musu nasa: Audu Direba da Sajan Gyambo. Matan ciki kuwa, duk wadda ya ga tufafinta ba su kai ba, sai ya ɗauko biro shuɗi ya ɗinka mata hijabi har ƙasa. Nura kamar ya yi kuka, don littattafan aro ne daga wani abokinsa Bamisire. Baffa ya ce a gaya wa yaron ba sai ya yi godiya ba.

Ni ban iya Larabcin da zan karanta ba, amma ban tsira ba. Ina yankan kuɓewa, Baffa zai jawo kujera ya zayyana mini abin da ya faru, ya kuma yanke wa kowa hukuncinsa: wannan ƙisasi, wannan diyya, wannan bulala ta ishe shi. Da farko ina jin sa ne don ladabi. Sai na wayi gari ina damuwa da cikin Sajan, ina cewa da wani zai dama masa kunu. Abin da ya kama ni shi ne yadda suke zana mugu zaune shi kaɗai yana cin abinci, shafi guda babu magana, har ka tuna shi ma uwa ce ta haife shi. Baffa ya ce malamai kan ce mana mugunta haramun ce, kuma gaskiya suka faɗa, amma waɗannan suna nuna maka ƙafar da mutum ya fara ɗagawa.

Labari ya bazu cikin ɗalibai cewa Baffa ya lalace da tsufa. Aka turo Ustaz Kabiru, mai yi musu wa'azi, ya zo nasiha da ƙamshin turarensa. Ya yi magana a kan hotuna, da ɓata lokaci, da kwaikwayon waɗanda ba Musulmi ba, yana kawo sunayen littattafai. Baffa ya zuba masa shayi, ya saurara da kai a sunkuye. Da Ustaz ya gama, Baffa ya ce ya gode, shi ma abu ɗaya ke damunsa: yadda Sajan zai tsare mai sayar da kifi ba tare da shaidu biyu ba.

"Ai ba tsare shi zai yi ba, Baffa," in ji Ustaz da sauri. "Shi zai kai kansa a kashi na tara, don ya rufa wa ƙanwarsa asiri."

Ina kicin na toshe baki da gefen mayafi.

"Ni ina na shida, Ustaz," in ji Baffa.

Ustaz ya hau gyara hula, ya ce shi don raddi ya karanta, a san abin da za a gargaɗi matasa a kai. Baffa ya ce tamam, to ya aro masa na bakwai, shi ma raddin zai yi.

Sai ranar da muka je ofishin jakadanci a unguwar Zamalek sabunta masa fasfo. Baffa da ba ya hawa komai sai mikrobas, wato ƙaramar bas ta haya, ranar ƙafarsa ta matsa, muka tari tasi. Tun da ya zauna yake kallon direban ta madubi. Mutumin ba ya magana, ga idanu jajaye. Can Baffa ya tambaye shi da Larabcinsa na littafi ko yana ciyar da kyanwoyi. Direba ya ce wani lokaci. Baffa ya riƙe hannun kujera. Daga nan har muka haye gada, wa'azin tuba yake yi masa, cewa komai girman abin da mutum ya aikata ƙofa a buɗe take, ya faɗa kawai ya huta. Da muka tsaya, bawan Allahn nan ya juyo idonsa da ƙwalla, ya ce ma'alish ya Hajji, wato a yi haƙuri, mitar kuɗin motarsa lafiya ƙalau take, ƙarya ya yi mana da ya ce ta lalace. Baffa ya sauko yana ƙunƙuni, wai ya jefa ƙugiyar giwan ruwa ya kamo tarwaɗa.

Amma abin da ya tsaya masa a rai da gaske shi ne Audu ya tuba. Hukunci dai ya riga ya yanke masa, ƙisasi ne, babu sassauci. Yana so ne kafin a kai ga haka mutumin ya yi nadama. Duk kashin da ya gama, sai ya fito yana girgiza kai, ya ce saura kaɗan, ya ga alama a idonsa. Wata rana na ji shi bayan sallah yana roƙa wa masu taurin zuciya shiriya, har da ambaton direbobi. Na ce, Baffa, ka ji tsoron Allah, takarda ce fa da tawada. Ya ce ya sani, ai ba yaro ba ne shi. Amma wanda ya zana Audu a wani wuri ya gan shi, kuma irinsa sun cika Alƙahira, sun cika Kano.

"Mutum yakan daɗe a hanya, Maman Hafsa," in ji shi. "Ba kowa ke komawa da wuri ba."

Na san wanda bai ga garinsu ba tun yana saurayi.

Da kashin ƙarshe ya fito, da kansa ya je Ataba wurin masu littattafai ya sayo, yana cewa mai shagon na jikansa ne. Mai shagon ya ce duk tsofaffi haka suke cewa. Ya dawo da shi cikin ledarsa, ya ɗora a kan kabad, ya ƙi buɗewa. Nura, da ya riga ya karanta a waya, ya dinga tsokanarsa zai faɗa masa ƙarshen. Baffa ya ɗaga sanda. Ya ce muddin ledar nan ba a yage ta ba, Audu yana da sauran lokaci, kuma shi ba zai zama wanda ya rufe wa bawa ƙofa don son jin labari ba. Kowace safiya sai ya ɗaga kai ya ce wa kabad, "To, Audu, ana jiranka." 'Yata Hafsa, da ke aji biyu a firamare, ita ke tsaya masa a gefe tana maimaitawa.

Sanyin bara ne ya kwantar da shi, bai yi doguwar jinya ba. A nan aka binne shi. Ustaz Kabiru ne ya yi masa sallah, ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe. Ya Allah, bawanka Ladan ya yi ta jiran wasu su dawo, bai gaji ba. Ka karɓe shi kamar wanda ya iso gida, ka yafe masa, ka haskaka makwancinsa.

Bayan an share makoki ina gyara ɗakinsa, na sauko da littafin. Ba zan ɓoye ba, ina son sani. Hotuna kaɗai sun ishe ni in gane ko Audu ya durƙusa ko bai durƙusa ba. Na sa farce a bakin ledar ke nan, Hafsa ta shigo ta riƙe mini hannu.

"Mama, mayar da shi. Baffa ya ce in ya tafi, ni zan ci gaba da jiran Audu. Bai gama tunani ba."