Taƙi Huɗu na Jigidar Amarya

Sai da gemuna ya yi fari tas kafin na gane cewa taƙi ba ɗaya ba ne a duniya. A wautata, in mutum ya buɗe hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya, to awo ya cika, ko a Dakoro ko a Makka. Lakwal, makarantar boko, ban daɗe cikinta ba. Na shiga da rani, damina na faɗuwa mahaifina ya zo ya ce gona ta fi malamin bukatata. Ga shi kuma Allah ya ba ni hannu kamar faifai. In na gaisa da mutum, nasa yakan ɓace cikin nawa, sai ka ga ya duba ko yatsunsa sun dawo duka.

Sana'ata ta asali tufkar igiya ce. Da kaba nake yi, ta guga da ta ɗaure dabba, ina kaiwa kasuwarmu da ta Birnin Lalle, wani lokaci har Ɗan Gulbi. Sai igiyar roba ta shigo daga Najeriya, shuɗiya da ja, ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta. Makiyayan da suka saba da ni suka koma gaishe ni daga nesa. Na dawo zaure na zauna, ƴaƴana suka ce, "Baba, ka huta." Na san wannan hutun. A kawo maka tuwo, a kawo maka goro, in ka yi magana a ce to, a ci gaba da abin da ake yi. Shi nake tsoro fiye da ciwon baya.

Ɗiyata da ke aure a Maraɗi ta kawo mini salula mai shafawa don in riƙa jin muryar jikoki. Ta koya mini yadda ake dannawa a yi magana a saki, abin da suke ce wa vokal, da yadda ake ɗora hoto inda duk mai lambarka zai gani. A wannan zuwan ne abin wuyanta ya tsinke a tsakar gida, duwatsu suka watse, kaji suka taso a guje. Na riga kajin, na tsince, na zura a zare, na yi mata ƙulli irin na igiyar guga amma ƙarami. Ta ce ko a Maraɗi ba ta ga ƙulli mai kyau haka ba. Ƙila don ta faranta mini ta faɗa. Ni dai na riƙe.

Na ce a raina, ashe abin wuya igiya ce da aka yi wa kwalliya. Na aiki shofer ɗin motar Maraɗi ya sayo mini duwatsu da zare mai ƙarfi da ƴan ƙarafan ƙugiya. Na soma yin abin wuya da warwaro da ƴan kunne, ina shimfiɗawa bisa farin ƙyalle ina ɗaukar hoto. Rabin kowane hoto babban yatsana ne, amma ana ganin sauran rabin. Ba ni da shago, ba ni da rumfa, ba wanda ke bina haya, don haka na saki kaya da araha. Ɗiyata ta nuna wa ƙawayenta, su ma suka nuna wa nasu, shofer yana kai saƙo yana dawo mini da abin da aka ba shi.

Mai ɗakina Malam take ce mini, ko da yake ta san iyakar karatuna. Ta ga ina fama da ƙananan duwatsu suna kufce wa yatsuna, ta ce, "Malam, kawo in zura maka, kai ka yi ƙullin."

"Ke dai ki ji da tukunyarki," na ce. "Wannan aikin ƙwararru ne."

"To, ƙwararre," ta ce, ta koma murhu.

Kasuwa tana tafiya a hankali, yau a sayi ɗaya, gobe shiru, sai ga vokal daga wata Hajiya ta Maraɗi, matar wani babban ɗan kasuwar hatsi. Ɗiyata ta riga ta ba ni labarinta. Ita ce uwar wani gurup na mata a waya, matan manya da ƙawayensu. Abin da ta yaba, washegari ya ƙare a kasuwa. Wanda ta kushe, ya nemi wata sana'a. Ta ce ta ga aikina, za ta aurar da ɗiyarta, tana son jigida mai layi da yawa, ja da ruwan zinariya.

Abin wuya in ya yi tsawo sai a ce yayi ne. Jigida kuwa ƙugu take zama, dole a san awo. Kuma ni ne zan tambayi matar mutane ƙugun ɗiyarta. Na danna na yi tari na saki. Na sake dannawa na yi mata barka da rana, na tambayi gida da yara da Alhaji, na saki. Tela maƙwabcina yana jina ta katanga, ya leƙo ya miƙo mini metir ɗinsa na awo, ya ce in gaya mata ta auna da irinsa. Na duba abin, fuska biyu gare shi, kowace da nata lambobi kamar jerin tururuwa. Na mayar masa na ce ni da awo muka tsufa.

Daga ƙarshe na daure na ce, "Hajiya, wurin da abin zai zauna, a zagaya shi da zare, a auna mini da taƙi."

Ba a jima ba ta amsa, "Baba, taƙi huɗu ne cif."

Na ja zare bisa tabarma na buɗe hannuna sau huɗu, na yanka. Na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba, har abinci yana hucewa a gabana. Da na gama na rataye ta a ƙusa ina kallo. Mai ɗakina ta shigo da ruwa, ta tsaya.

"Malam, wannan ta saniyar wa ce?"

"Ta amarya ce."

"Amarya ɗaya?"

"Ɗiyan Maraɗi ba irin ku ba ne. Shinkafa suke ci da mai."

Ta ajiye ruwan ta fita. Na naɗe jigida cikin leda na kai tasha.

Vokal ɗin da ya dawo ya yi tsawon huɗubar Juma'a. Hajiya ta ce ranar sa lalle aka ɗaura wa amarya jigidata a ƙarƙashin zane. Ɗaki cike da gwaggonni da dangin miji, aka ce ta tashi ta gaida uwar ango. Tana miƙewa, jigida ta sulale ta zubo ƙasa gaba ɗaya da ƙara, ta zagaye mata ƙafafu kamar dabaibayi. Yarinya ta tsallake ta ruga uwar ɗaki tana kuka. Wata tsohuwa cikin dangin miji ta ɗaga jigidar sama ta tambaya ko ba a ba amarya abinci a gidansu.

"Baba, furfurarka nake jin kunya," in ji Hajiya. "Za a kai amarya ƙarshen mako. In wadda ta dace ba ta iso ba kafin nan, da bakina zan gaya wa mata ko kai wane ne."

Na ga zaure yana jirana da tuwonsa da goronsa. Amma maimakon in ba da haƙuri, sai na ce, "Hajiya, taƙi huɗu kika ce, taƙi huɗu na yi. Ko a gaban alƙali zan maimaita."

"Da hannun wa ka auna?"

"Da nawa mana."

"Ɗauko mini hotonsa."

Na shimfiɗa hannuna bisa tabarma kusa da kwalin ashana na ɗauka na tura. Abin da ya dawo ba magana ba ce, dariyar mata ce cike da ɗaki, har wata tana tari. A ƙarshe muryar Hajiya ta fito, ita ma dariya na cin ta. "Baba, wannan hannu ne ko matankaɗi? Nemo hannun mace ka auna."

Mace tana nan a tsakar gida tana tsintar wake, kuma ta ji komai, don ban iya rage ƙarar salula ba. Amma ni da na ce mata ta ji da tukunyarta, da wane baki. Na shiga zaure na gwada dabara. Na takure yatsuna yadda nake zaton na mata suke, na auna. Na sake, ya fito daban. Na sake, ya fito kamar na wuyan kyanwa. Na yi tunanin in leƙa gidan tela in ce matarsa ta ara mini hannu, sai na tuna yadda zancen zai isa masallaci kafin la'asar. Na fasa.

Na fito da zarena na tsuguna nesa da ita kaɗan. Na yaba waken. Na ce bana ya yi kyau.

"Na bara ne," ta ce.

"Ke tsohuwa, hannunki na nan kusa?"

"Yana aikin tukunya."

"Aro nake so. Yanzu zan maido."

"Ai na ji an ce aikin ƙwararru ne."

"Ƙwararren ne ya aiko ni."

Ta ci gaba da tsintar wakenta har ta kai ƙarshen tire, ta zuba wa kaji tsakuwar, ta goge hannu da gefen zane, sannan ta miƙo. Na kama babban yatsanta na danne shi a bakin zare, ta buɗe, na matsar, ta sake buɗewa. Hannun ɗan mitsitsi ne, tafin ya yi kanta saboda taɓarya, ga wani tsohon tabon ƙuna a gefen wuyan hannu wanda ban san ranar da aka yi shi ba. Taƙinta huɗu bai kai nawa uku ba. Na ɗauki hoton hannunta kusa da ashana na tura wa Hajiya, ta ce, "Yauwa, wannan shi ne hannun mutane."

Tare muka yi sabuwar jigidar, tana zurawa ina ƙullawa, kuma ta fi ni sauri nesa ba kusa ba, abin da ban faɗa mata ba. Shofer ya kai kafin a kai amarya. Jigida ta zauna inda ake so ta zauna.

Hajiya ta gaya wa mata ko ni wane ne, kamar yadda ta yi alkawari, sai dai da hoton hannuna ta haɗa. Suka sa mini suna mai matankaɗi. Wasu don su ji muryar tsohon da ya yi wa amarya dabaibayi suka nemi lambata, amma a ƙarshen dariyar sai su ce a yi musu taƙi kaza. Yanzu da wuya motar Maraɗi ta tashi ba ledata a ciki, kuma ƴaƴana sun daina ce mini in huta, sai dai su ce in rage ƙarar waya.

Duk saƙon jigida da ya shigo, sai in ɗauki zare in bi tsohuwa inda take, bakin murhu ko gindin turmi, in ce ta kawo hannu. Wata rana da hantsi ina riƙe da yatsanta bisa zare, ina ƙidaya a baki, sai na ga ba zaren take kallo ba, ni take kallo.

"Malam," ta ce, "tun da aka kawo ni gidan nan da ƙuruciyata, sai da matar wani ta zage ka a waya sannan ka riƙe hannuna."