Tallar da Muka Ɗinka wa Sabo

Ko zan manta komai na aikin mandub, ban da ranar da muka yi wa Khalifa intabiyu. Ku sababbin zuwa, mandub shi ne mai yawo da takardun kamfani ofis-ofis: biza, izinin aiki, sabuntawa. Shekara tara na yi ina wannan wahala a kamfanin kago, wato jigilar kaya, na Alhaji Bala a nan ƙasar Larabawa.

Lokacin korona ne, ko'ina sallamar ma'aikata ake yi. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Sabo, akawu a wani kamfani, mutumin Gwarzo, da mata da 'ya'ya biyu a nan unguwar Warsan. An soke bizarsa, saura 'yan makonni ya sami wani kamfanin ko ya tattara ya koma gida. Alhaji ya bugi ƙirji ya ce ya ɗauke shi, khalas, magana ta ƙare, ya daina yawon nema.

To amma akwai ƙa'ida. Irin wannan kujera sai an fara tallata ta ga 'yan ƙasa, in ba wanda ya cancanta, sannan a ba baƙo izini. Alhaji ya ce mu ɗinka tallar daidai jikin Sabo. Muka jera sharuɗɗa, a ƙarshe ya sa na ƙara cewa dole mai nema ya iya Hausa. Ya yi dariya har da tafi, wai a nemo masa Balaraben da zai iya da 'yan kasuwar Kwari. Ni ma na taya shi, Allah ya yafe min.

Ba a yi mako ba sai ga wani matashi cikin farar kandura, doguwar rigar nan ta Larabawa, Khalifa, ɗan ƙasa, da digirinsa. Alhaji ya ƙifta min ido, ya jefa masa ina kwana.

"Lafiya lau, Baba. Ina gajiya? Ya iyali?"

Wallahi sai da biro ya suɓuce min. Ashe mahaifiyarsa 'yar Fagge ce, Alhaji kuwa a Fagge aka yanke masa cibi. Shi ke nan, intabiyu ya koma tonon dangi, wane ya auri wance, gidan wa ke kallon masallaci. Kafin shayi ya huce an gano kakar yaron ta goyi yayar Alhaji.

Na ja Alhaji gefe na tuna masa Sabo na zaune a waje da takardunsa. Ya harare ni kamar na zage shi.

"Malam Nura, ɗana ne fa. In kore shi, da wane ido zan shiga Fagge?"

Ko da ma ya so korar, me zan rubuta a rahoto? Mun ce Hausa, ga Hausa.

Ni aka bar wa gaya wa Sabo, kuma har yau abin yana ci min rai. Ya saurare ni tsaf, ya naɗe takardunsa, ya tambaye ni yaushe kwantena za ta tashi zuwa gida. Mu muka loda kayansa. Alhaji, mai tausayi, ya ce a yi masa ragi.

Saboda haka duk wanda oga ya yi wa alkawarin aiki, ku ce masa kada ya daina nema sai ya riƙe izini a hannu. Manyanmu ba ƙarya suke yi ba in sun yi alkawari, har zuci suke yinsa. Kawai dai alkawarin na wanda ke zaune a gabansu ne a lokacin.