Kawu da Sifirin ɗin Motar Baturiya

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ɗan gidan maƙera ne a Damagaram, amma ban san shi sosai ba sai a Lyon, bayan na gama karatun injiniya na kama aiki. Yana da ɗan wurin aiki a Vénissieux, a gefen birnin, ba nisa da dogayen benayen Minguettes. Sana'arsa ƙera sifirin na tsofaffin motoci, fallayen ƙarfen nan dogaye da ake jerawa wani kan wani a ƙarƙashin mota su ɗauki nauyinta. Motoci ne da an daɗe da daina yin kayansu. Da ƙarfen da ba ya tsatsa yake aiki, wanda muke ce wa inoks, ƙarfe mai gardama: ka lanƙwasa shi, ya nemi komawa inda ya fito.

Ran Asabar nakan taso daga unguwarmu ta Guillotière in je in yi masa lissafi a ordinato, wato kwamfuta, kaurin kowane falle da nauyin da zai iya ɗauka.

Wata Asabar na tarar da sifirin biyu a kan tebur, tsatsa ta ci su. Wani gareji ne a Paris ya aiko, na motar wata tsohuwar Baturiya ce da mijinta ya rasu ya bar mata. Na auna, na ga na hagu ya fi na dama lanƙwasa da kamar faɗin yatsa.

Na ce, "Kawu, na daman ne ya gaji ya kwanta. Mu yi duka biyun kamar na hagu."

Ya kankare tsatsar na hagun, ya bi cikinsa da yatsa a hankali.

"Ɗiyata, zo ki taɓa nan. Sawun guduma ne. Wani ya ƙara masa lanƙwasa da gangan, kuma ya iya aikinsa."

Ya kira tsohuwar a waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Madam, ki yi mini afuwa, maigidanki mai jiki ne?"

Ta yi ta dariya har muryarta ta shaƙe. Ta ce in ya zauna motar karkata take yi gefen direba, sai wani abokinsa makanike ya gyara. Ita kanta ta manta da maganar.

"To yanzu wa zai tuƙa?"

"Ni," in ji ta.

Kawu ya ajiye waya ya ce in sake lissafi, duka biyun su yi daidai, su kuma fi na da taushi.

Mako uku ya yi a kansu. Ya yanka, ya lanƙwasa kowane falle bisa zanen alli da ya yi a ƙasa, ya gasa a tanda, ya goge har kana ganin fuskarka. Falle ɗaya ya jefar don bai ji daɗin ƙararsa ba da ya ƙwanƙwasa shi. Ni dai ban ji bambanci ba.

Tare muka kai su Paris. Da aka ɗaura, tsohuwar ta zo, 'yar ƙarama, da safar hannu ta fata. Ta ja motar, Kawu na gefenta ya karkata kai yana saurare, ni ina baya. Muka bi wani titi mai shimfiɗar duwatsu, motar ta wuce lami lafiya. Da muka tsaya ta daɗe riƙe da sitiyari. Sannan ta roƙi a ba ta tsohon sifirin na hagu ta tafi da shi gida.

Daga nan muka nufi unguwar Château Rouge, inda ake sayar da kayan abincin Afirka, muka ci shinkafa da miyar gyaɗa. Kawu ya sayi yaji da busasshiyar kuɓewa na gida, ya ba ni makullin motarsa ya ce in tuƙa, bayansa na ciwo.