Malamin da Ba Ya Shiga Mota

Kawuna malamin Turanci ne, irin wanda in ka gaishe shi da Turanci sai ya gyara maka gaisuwar kafin ya amsa. Darasi ɗaya ya yi suna a kansa: kalmomin nan uku da Turawa suka bambanta, ta kasancewa kawai, da ta rayuwa, da ta tsira. Ba a aji yake koyar da su ba. Waje yake fitar da ɗalibai, ya nuna musu dutsen da ake tokare ƙofar ofis da shi, ya ce wannan yana nan ne kawai. Ya nuna akuyar maigadi tana cinye furannin shugaban makaranta, ya ce wannan rayuwa take yi, har da ƙari. In ya zo kan ta uku sai ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna musu tabon ɗinki.

Tabon na haɗarin mota ne. Tare da ƙaninsa suka shiga, shi kaɗai aka fitar da rai. Tun daga nan Kawu bai ƙara shiga mota ba. Makaranta a ƙafa, kasuwa a ƙafa, takalmansa sun ga ta kansu. Matarsa takan tsokane shi cewa ta auri mutumin da duniyarsa ta ƙare a inda ƙafa ta gaji.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, aiki kuma ya kai ta gari mai nisa. Ta yi ta roƙonsa ya zo ya ga inda take zaune. Kullum amsarsa sai an yi hutu. Aka yi hutu, aka yi hutu, har ya yi ritaya. Ana nan sai aka kwantar da ita a asibiti za a yi mata tiyata. Ta kira shi a waya.

"Baba, tsoro nake ji. Ka zo."

Ni na raka Kawu da matarsa tasha. Matarsa ta shiga ta kama masa wuri kusa da taga. Kawu ya ɗora ƙafa ɗaya, ya riƙe ƙarfen ƙofa, gumi ya jiƙa masa riga. Direba ya yi haƙuri har ya gaji, fasinjoji suka fara tsaki. Sai Kawu ya sauke ƙafar, ya miƙa wa matarsa jakarsa, kamar jakar ce aka ce ta zo. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

An yi tiyatar, 'yar ta warke sarai. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Tana kira, ta gaishe shi cikin ladabi, ta tambayi lafiyarsa, sannan ta ce ya ba Mama wayar. Shi kuwa ya koma gefe ya zauna yana jira a gama. Da matarsa ta ajiye wayar sai ya matso.

"Ba ta ce in zo ba?"

"Ba ta ce ba, Malam."