Takardar Ƙosai a Ƙofar Mai Awo

Ni fa har yau in aka miƙo min ƙosai a leda sai raina ya ɓaci. A takarda muka saba. Lokacin ostariti, zamanin tsuke bakin aljihun nan, mai ƙosan bakin kasuwar Gwarzo wani ƙaton littafin Turawa ta samo daga Kano, wallahi ya kai turmi nauyi, ta dinga yaga tana ƙunshe mana.

Daminar nan ce da ake auna gero kamar zinariya. Mai awon layinmu ya cika rumbuna ya kulle, tiyar da yake awo da ita kuwa ya bubbuge mata gindi har ta kusa komawa ludayi. Kakata ta faɗa masa a gaban jama'a. Ya juye geronta cikin buhunsa, ya ce tsohuwa ta fara ruɗewa, a kai ta gida. Kasuwa ta kwashe da dariya. Kaka ta rantse ba ita ba kasuwa sai ya ji irin kunyar da ta ji.

Ran nan na cinye ƙosaina, sai ga zane a ƙarƙashin maiƙon. Mutum huɗu a kan dawakai, baƙi da fari, layi siriri-siriri kamar zanen ƙwarya. Na kai wa malamin ajinmu, Kirista ne mutumin kudu. Ya ce tashin duniya ne yadda Turawan da can suka zana shi. Mai baka cin ƙasashe, mai takobi yaƙi, mai sikeli yunwa da tsada, ƙwarangwal ɗin kan ramammen doki kuma mutuwa. Cikin waɗanda dawakan ke tattakewa har da wani mai tumbi.

Da na koma gida, Kaka ta kai takardar har hancinta.

"Au, su ma sun san mai awo? Maigidana, ɗebo min koko."

Gari ya watse an tafi Juma'a, na shafa koko na manna masa a ƙofar shago. Mu nufinmu ya ga kansa kawai. Shi kuwa ya ga takarda jiƙe da mai, ga rubutun da ba ya karantuwa, ga ƙwarangwal. Sammu! Ya kwaso malamai daga Kabo har Garo, aka yi hayaƙi har kajin unguwa suka kama tari. Rubutun da ya sha zai cika rijiya. Ƙarshe wani malami, Allah ya jiƙansa, ya ce ba abin da zai karya wannan aiki sai sadakar gero, rumbu guda.

Kaka ta ci ado, ta ɗauki tsohuwar tiyarta ta shiga layi.

"Alhaji, auna da wannan. Ka san na ruɗe, taka ba na gane ta."

Ya karɓa ya cika.

"Ƙara. Sai ya zubo."

Ya ƙara. Ta juye wa matar da ke bayanta, ta ce ita ba ta cin sadakar ɓarawo. Wata guda mai awo bai fito kasuwa ba.

Da Shari'a ta zo aka zagaya ana duba mudu, Kaka ta riga ta rasu. Ƙanin babana ya ƙona sauran takardun da na tara, wai hoto ne. Yanzu sikelin lantarki ake yayi, satar ta koma ta maɓalli. To zanen nan yana cikin wayata, akwai kuma mai buga takarda a bakin tasha. Mai awon unguwarmu, in kana karanta wannan, koko bai fi ƙarfina ba tukuna.